Najeriya na sayar da iska da miliyoyin daloli, amma su wa ke karantar ilimin eriya?

A watan Disamban 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi wani gwanjo a Abuja. Abin da aka sa a kasuwa ranar ba fili ba ne, ba kuma rijiyar mai ba. Izini ne na amfani da wani yanki na igiyoyin rediyo da ke kan zangon gigahaz 3.5, wanda a kansa ake ɗora fasahar 5G. Kamfanonin MTN da Mafab ne suka yi nasara, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. Shekara guda bayan haka Airtel ya karɓi nasa kason a kan wannan farashi. Jimilla, sama da dala miliyan 820 ke nan a kan abin da ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa.

Sai dai izinin kaɗai ba ya kai kiran waya ko'ina. Kafin muryar mai magana ta tashi daga Kano ta isa Maiduguri, dole a samu abin da zai mayar da ita igiyar da ke ratsa iska, da kuma abin da zai cafke ta a ɗaya ɓangaren. Wannan abin shi ne eriya. Ilimin ƙera ta, da auna ta, da tsara na'urorin da ke bayanta, fanni ne mai zaman kansa a jami'o'in duniya, wanda ake kira injiniyancin eriya da maikurowef.

Tambayar da ba a cika yi ba a taron kaddamar da tsare-tsaren tattalin arzikin zamani ita ce: ƙasar da ke karɓar irin waɗannan kuɗaɗe daga sayar da zangon rediyo, nawa take mayarwa wajen horar da mutanen da suka fahimci yadda zangon ke aiki?

Ilimin da ke ɓoye a aljihun kowa

Bahaushe ba baƙon eriya ba ne. Dattijon da ke jan sandar rediyonsa yana juya ta don ya kamo labaran safe a gajeren zango, da matashin da ke hawa rufin kwano yana karkata kwanon satalayit har hoto ya fito, da matar ƙauye da ke hawa tudu don ta samu sabis, duk suna aiki da dokokin wannan fanni ko da ba su san sunansu ba.

Tushen ilimin ya faro ne daga lissafin James Clerk Maxwell na shekarun 1860, wanda ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu suna iya tafiya tare a matsayin igiya, da saurin haske. Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da hakan a ɗakin gwaji a ƙarshen shekarun 1880, shi ya sa ma'aunin kaɗawar igiya ke ɗauke da sunansa. Megahaz ɗaya na nufin kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa, gigahaz ɗaya kuma biliyan ɗaya.

Abin da ake kira maikurowef shi ne yankin da ya kama daga kimanin megahaz 300 zuwa gigahaz 300. A nan ne wayar salula, da Wi-Fi, da tauraron ɗan'adam, da na'urar rada ta filin jirgin sama, har da injin ɗumama abinci mai aiki a kan gigahaz 2.45 suke zaune.

Dokar farko da ɗalibi ke koya mai sauƙin faɗi ce: duk lokacin da kaɗawa ta ƙaru, tsawon igiyar na raguwa, kuma girman eriya yana bin tsawon igiyar. Igiyar tashar FM da ke kan megahaz 100 tsawonta mita 3 ne. Ta tsohon layin GSM da ke kan megahaz 900 kusan santimita 33 ce. Ta 5G da ke kan gigahaz 3.5 ba ta kai santimita 9 ba. Shi ya sa eriyar gidan rediyo ke buƙatar doguwar hasumiya, ita kuwa wayar hannu ke iya ɓoye eriyoyi da dama a jikin murfinta.

Wahalar fannin na farawa ne daga nan. Idan igiya ta yi gajarta har ta kusa girman wayoyin da ke cikin na'ura, dokokin lantarki na yau da kullum da mai haɗa wayar gida ya sani ba sa isa. Guntun waya ya daina zama hanya kawai, ya koma wani ɓangare mai canza halin siginar. Idan eriya ba ta dace da na'urar da ke ba ta ƙarfi ba, wani kaso na ƙarfin zai komo baya, kamar ruwan da aka turo ta babban bututu ya ci karo da ƙarami. Sakamakon shi ne raunin sabis, zafin na'ura da ɓarnar wuta.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan tarko ba. A 2010, lokacin da Apple ya fitar da iPhone 4, masu amfani da ita sun gano cewa riƙe wayar ta wani gefe na rage sabis, domin tafin hannu na haɗe sassa biyu na eriyar da ke jikin ƙarfen gefenta. Sai da kamfanin ya raba rigunan waya kyauta don kwantar da ƙurar.

Yadda ake karantar da shi

A Najeriya, ɗalibi ba ya shiga jami'a kai tsaye da sunan karatun eriya. Yakan shiga ne ta ƙofar injiniyancin lantarki ko na sadarwa, digiri na shekara biyar, bayan ya ci lissafi da fizis da kimiyyar sinadarai. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna na cikin masu sashe na musamman kan injiniyancin sadarwa, yayin da wasu jami'o'in ke koyar da darussan a ƙarƙashin sashen lantarki.

A bisa al'ada, a aji uku ne ɗalibi ke haɗuwa da darasin lantarki da maganaɗisu, wanda a ko'ina a duniya ya yi suna wajen wahalar da ɗalibai saboda nauyin lissafinsa. A aji huɗu yakan tafi koyon aiki na wata shida a masana'antu. Darussan eriya, da yaɗuwar igiyar rediyo, da na'urorin maikurowef sukan zo ne a ƙarshen tafiya, lokacin da hankalin ɗalibi ya riga ya koma kan kundin kammala karatu. Ainihin ƙwarewa sai a digiri na biyu da na uku.

Littattafan da ake dogaro da su ɗaya ne da na sauran duniya: na Constantine Balanis kan nazarin eriya, da na David Pozar kan injiniyancin maikurowef. Ɗalibin Zariya da na Jamus duk suna koyon taswirar Smith, wani zane mai da'irori da Phillip Smith na ɗakin binciken Bell ya fitar a 1939 don sauƙaƙa lissafin daidaita eriya da na'ura. Duk suna karanta labarin eriyar Yagi da Uda, wadda malamai biyu na Jami'ar Tohoku ta Japan suka samar a 1926, ita ce mai kama da ƙashin kifi da ta daɗe a kan rufin gidaje don kamo talabijin.

Ke nan a kan allo bambancin ba shi da yawa. Bambancin yana ɗakin gwaji.

Inda gizo ke saƙa

Eriya ba abu ba ne da ake sanin ingancinsa da ido. Injiniya na iya yin lissafi daidai, ya zana ta a kwamfuta daidai, amma da zarar an ƙera ta sai ta kauce daga zangon da aka nufa saboda kuskuren milimita ɗaya wajen yanka, ko saboda allon da aka buga ta a kai bai da ingancin da aka zata. Wannan tazara tsakanin lissafi da zahiri ita ce zuciyar sana'ar, kuma ba a koyon ta sai da awo.

Awon na buƙatar manyan kayan aiki guda uku. Na farko, na'urar da ke auna yawan ƙarfin da eriya ta karɓa da wanda ta mayar baya a kowane zango. Na biyu, na'urar tantance zango, mai nuna waɗanne sigina ne ke yawo a iska da ƙarfin kowacce. Na uku, ɗaki marar amsa-kuwwa, wanda ake lulluɓe bangonsa da soso mai tsini don ya shanye igiyoyi, ta yadda za a auna inda eriya ke watsa ƙarfinta ba tare da katsalandan daga waje ba. Ga kuma manhajojin zane irin su HFSS da CST, waɗanda lasisinsu da dala ake biya.

Duk waɗannan daga waje ake shigo da su, kuma masu inganci daga cikinsu na cin dubban daloli, wasu dubun dubata. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba. A 2024 ta haura naira 1,500. Sashen da ya tsara sayen na'ura ɗaya da kasafin da aka amince masa kafin sauyin, ya wayi gari kuɗin ba za su sayi rabinta ba.

Matsalar kuma ta girmi faɗuwar naira. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don tantance buƙatun jami'o'in gwamnati ya bayyana ƙarancin kayan aiki da tsufansu a ɗakunan gwaji, har ya ambaci yadda ake bayyana wa ɗalibai gwaji da baki maimakon su yi da hannu. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya ƙara tsawaita karatun da dama can mai tsawo ne, ya kuma ƙara wa malamai masu digirin ƙasashen waje dalilin neman mafita a wani wurin.

Abin da hakan ke haifarwa sananne ne ga duk mai bibiyar kundayen bincike a fannin: zanen eriya da aka gwada a kwamfuta kawai, ba a ƙera ba, ba a auna ba. Irin wannan aiki yana da amfaninsa, amma bai fi a koya wa mutum tuƙi a kan takarda ba. Gani ya kori ji.

Me ya sa maganar ta zama ta yanzu?

Shekaru ashirin da suka wuce ana iya cewa ba komai. Bayan gwanjon lasisin GSM na Janairun 2001, aikin da ke gaban ƙasar shi ne kafa turakun sadarwa da sauri, kuma kamfanoni irin su Ericsson, Huawei, Nokia da ZTE sun zo da kayansu da tsarinsu. Abin da ake buƙata daga ma'aikacin gida shi ne ya ɗaura, ya kunna, ya kula da janareta. Abubuwa huɗu sun sauya wannan lissafi.

Na farko shi ne 5G kanta. Idan aka yi amfani da eriya iri ɗaya a nisa ɗaya, ƙarfin da ake kamawa a gigahaz 3.5 ya gaza na megahaz 900 da kusan ninki 15, kuma igiyar ba ta ratsa bangon siminti da sauƙi kamar ta da. Don cike wannan giɓi, turken 5G na ɗauke da allo mai ƙananan eriyoyi masu yawa da ke aiki tare, suna tattara ƙarfi su harba shi kai tsaye inda waya take, kamar yadda tocila ta bambanta da fitilar ƙwai. Tsara irin wannan hanyar sadarwa a gari mai cunkoso kamar Legas ko tsakiyar birnin Kano aiki ne na wanda ya san halin igiya, ba na mai ɗaure kusa kaɗai ba.

Na biyu shi ne sararin samaniya. A Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Starlink ya fara aiki. Farantin da masu amfani da shi ke ɗorawa a rufi ba kwano ba ne irin na da. Tarin ƙananan eriyoyi ne da ke bin taurarin da ke gudu a nisan kimanin kilomita 550, yana sauya alƙibla ta hanyar lantarki. A ɗaya gefen kuma ga NigComSat-1R, tauraron sadarwa na gwamnati da China ta ƙera ta kuma harba a Disamban 2011, wanda ke zaune a nisan kusan kilomita 36,000. An tsara shi ne ya yi shekara 15. Wanda ya gabace shi, NigComSat-1, an harba shi a 2007 ya daina aiki a 2008 saboda matsalar farantan hasken rana. Duk lokacin da aka zauna teburin sayen magajinsa, ƙasar na buƙatar mutanenta da za su iya karanta takardun fasaha, su ce wannan eriyar za ta rufe Sakkwato da Tafkin Chadi yadda ya kamata ko ba za ta rufe ba. Mai saye da bai san kaya ba, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa.

Na uku shi ne tsaro, kuma a nan ne batun ya fi shafar Arewa. A 2013 an katse layukan waya a Borno, Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci. A Satumban 2021 an rufe sadarwa a Zamfara, sannan a sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. 'Yan kasuwa, marasa lafiya da masu karɓar kuɗi ta waya ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, yayin da rahotanni a lokacin suka nuna cewa a yankunan iyaka ana iya kamo sabis daga Jamhuriyar Nijar, domin igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastam. Kashe turakun jiha sukutum shi ne makami mafi ƙarancin dabara. Gano inda sigina ke fitowa, da toshe ta a ƙaramin yanki, da kakkaɓo jirgi marar matuƙi ta hanyar dagula hanyar sadarwarsa, duk ayyuka ne na injiniyan eriya da maikurowef. Yanzu da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a yankin Tafkin Chadi da Sahel suka fara amfani da ƙananan jiragen da ake saye a kasuwa, buƙatar ta daina zama ta gobe. Haka na'urorin rada da ke sa ido kan sararin samaniyar ƙasar, waɗanda aka ƙaddamar a 2010 ƙarƙashin shirin TRACON da kayan kamfanin Thales na Faransa, suna buƙatar gyara da sabuntawa da ba za a ci gaba da jiran ƙwararru daga waje a kansu ba har abada.

Na huɗu shi ne rauni da aka gani a wayar faiba. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga ruɗani. A kan tudu kuma, aikin hanya da ɓarayi na yawan yanke faiba. Gwamnati na shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma faiba ba ta shiga aljihun kowa. Zangon ƙarshe daga turke zuwa waya a iska yake, kuma turaku masu yawa a karkara har yanzu suna haɗuwa da juna ne ta waɗancan fararen ganguna da ake gani a jikin hasumiya, masu harba siginar maikurowef daga turke zuwa turke.

Iskar nan ba irin ta Turai ba ce

Akwai kuma wani dalili da babu wanda zai ɗauke wa ƙasar nauyinsa. Igiyar rediyo na tafiya ne a cikin yanayi, kuma yanayi na canza ta. Duk mai kallon ƙwallo ta satalayit ya san yadda hoto ke ɗaukewa idan hadari ya haɗu. Dalili shi ne ɗigon ruwa na shanyewa da warwatsa igiyoyin da suka haura gigahaz 10, kuma ruwan yankuna masu zafi ya fi na Turai ƙarfin zuba. A Arewa kuma akwai ƙurar hunturu, da sauyin zafi da laima tsakanin dare da rana, wanda ke iya lanƙwasa igiya ta kauce daga kwanon da aka saita mata, ko ta yi nisan da ba a zata ba ta shiga gonar wata tashar.

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, na da ƙa'idojin hasashen waɗannan abubuwa, amma ingancin hasashe ya dogara ne da awon da aka yi a wurin. Injiniyan da ke Stockholm ko Shenzhen ba zai zo ya zauna damina biyar a Yola yana auna ruwa da sigina ba. Wannan aikin jami'ar da ke wurin ne, kuma bincike ne da za a iya yi da kuɗi kaɗan, sakamakonsa kuma ya shiga kai tsaye cikin tsarin kamfanonin waya.

Rashin masana da jama'a suka sani yana da wata illar. A 2020 jita-jita ta bazu cewa 5G ce ke haddasa cutar korona, har gwamnati ta fito tana ƙaryatawa. Amsar a kimiyyance a bayyane take: igiyoyin wayar salula ba su da ƙarfin da zai farfasa ƙwayoyin halitta irin na hoton ƙashi, ba kuma sa ɗaukar ƙwayar cuta, sannan akwai iyakokin ƙarfi da aka gindaya a duniya. Amma mutane sun fi yarda idan malamin jami'ar garinsu ya ɗauko na'ura ya auna a gindin turken unguwarsu, ya yi musu bayani da harshensu.

Hujjar masu ganin ba nan ya kamata a sa kuɗi ba

Akwai masu cewa wannan fanni ba shi ne ya fi cancantar kuɗin da babu su ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Koyon rubuta manhaja na buƙatar kwamfuta da intanet kawai, cikin watanni matashi na iya fara samun aiki, har daga ƙasashen waje yana zaune a ɗakinsa. Shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta fara a 2023, ya karkata ne ga irin waɗannan sana'o'i. Shi kuwa injiniyan maikurowef yana ɗaukar shekaru kafin ya nuna, kuma Najeriya ba ta da masana'antar ƙera na'urorin sadarwa da za ta ɗebi ɗaruruwansu a shekara. Idan an horar da shi da tsada, ƙila Turai ko ƙasashen Larabawa ne za su ci moriyarsa.

Gaskiya ne ba a buƙatar miliyoyin masana eriya. Amma kuskure ne a auna fannin da yawan guraben aiki kaɗai. Kowace manhajar banki ko ta kasuwanci da matasa ke rubutawa tana hawa ne a kan siginar da wani ya tsara. Ƙwararru kaɗan a wuraren da suka dace, wato NCC, hukumar sararin samaniya ta NASRDA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, rundunonin soja da kamfanonin turaku, suna iya sauya ingancin yarjejeniyoyin da ake ƙullawa da biliyoyin naira. Ƙarancin masu fannin a duniya ma shi ya sa ake rububinsu, don haka ga ɗalibi mai ƙarfin lissafi zaɓi ne da ba shi da cunkoso.

Batun rashin masana'anta kuma yana da fuska biyu. Ba a kafa masana'anta inda babu masu ilimin. Kuma eriya na daga cikin sassan na'urar sadarwa da ake iya ƙerawa ba tare da masana'antar biliyoyin daloli ba: ƙarfe ne, da allon lantarki, da lissafi, da awo. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano suna sauya sassan da suka fi ƙwayar gero ƙanƙanta a kullum. Hannun yana nan. Abin da ya rage shi ne haɗa shi da ilimin.

Darasi daga Afirka ta Kudu da Ghana

Ba sai an je Amurka ko China neman misali ba. A 2018 Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da MeerKAT a yankin Karoo, tarin kwanuka 64 masu sauraron igiyoyin rediyo daga sararin samaniya. Tun kafin a kammala shi, shirin ya ware kuɗi yana ɗaukar nauyin ɗalibai a jami'o'i, kuma wani kamfani na garin Stellenbosch, EMSS, ya ƙera wasu daga cikin na'urorin kama siginar. Daga wannan gari ne aka bunƙasa manhajar zanen eriya ta FEKO har kamfanin Altair na Amurka ya saye ta a 2014. Darasin shi ne babban aikin ƙasa ya zo tare da sharaɗin horar da mutane, jami'a da masana'anta suka girma tare.

Ghana ta bi hanya mai araha. A Kuntunse kusa da Accra akwai tsohon kwanon sadarwa mai faɗin mita 32 da faiba ta sa aka daina amfani da shi. Maimakon a bar shi ya yi tsatsa, an mayar da shi na'urar nazarin sararin samaniya, aka ƙaddamar a 2017, matasan injiniyoyin ƙasar suka koyi aiki a kansa. Najeriya ma ta gaji tsofaffin tashoshin tauraron ɗan'adam daga zamanin NITEL, irin na Lanlate a Jihar Oyo da Kujama kusa da Kaduna.

Abin da za a iya yi

Ƙofofi uku a buɗe suke. Ta farko ita ce manhajar karatu. Sabon tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta. Jami'ar da ke da malaman fannin na iya amfani da wannan dama ta sauko da aikin hannu zuwa aji uku, ta yadda ɗalibi zai ƙera eriyarsa ta farko a lokacin da yake fama da lissafin Maxwell, ya ga amfanin abin da yake haddacewa.

Ta biyu ita ce faɗuwar farashin ƙananan kayan awo. A yau akwai na'urar NanoVNA mai girman tafin hannu, da 'yar sandar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta ta zama rediyo mai nuna zango, kowacce kuɗinta bai kai na matsakaiciyar wayar Android ba. Akwai manhajojin zane na kyauta kamar openEMS da 4nec2. Ba su kai na manyan kamfanoni daidaito ba, ba kuma sa kai wa zango mai nisa, amma sun isa su koya wa ɗalibin digiri na farko bambancin lissafi da zahiri. Uzurin cewa babu kuɗin koyar da matakin farko ya fara rauni.

Ta uku ita ce haɗa ƙarfi a kan manyan kaya. Ba kowace jami'a ce ke buƙatar ɗaki marar amsa-kuwwa ba. Cibiya ɗaya mai cikakken kayan aiki a kowace shiyya, mai tsayayyiyar wuta, da ma'aikacin fasaha da aka horar, da kasafin gyara na shekara-shekara, ta fi na'urori goma da aka rarraba suka ƙare a cikin kwali. Asusun TETFund na gina ɗakunan gwaji, NCC na ba da tallafin bincike tana kuma ɗaukar nauyin kujerun farfesa a wasu jami'o'i, ga cibiyar horarwa ta Digital Bridge da hukumar ta kafa a 2004 mai reshe a Kano. Abin da ya rage shi ne a ɗaure waɗannan da tsari guda, a kuma sa wa duk babbar kwangilar tauraron ɗan'adam, rada ko zangon rediyo sharaɗin horarwa da ake iya ƙirgawa. Kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin gwanjon 5G ya haura dala miliyan 8.

A duniya an riga an fara tsara 6G, wadda ake sa ran ganin ta wajen 2030, kuma wani ɓangare nata zai hau zangon da ya fi na yanzu yawan kaɗawa, inda eriya za ta ƙara muhimmanci. Ɗalibin da zai zauna a teburin wancan ciniki a madadin Najeriya yana aji ɗaya ko aji biyu a yanzu. Ko zai isa wurin da hannun da ya taɓa auna eriya, ko da takardar shaida kawai, ya danganta da abin da aka saka a ɗakin gwajinsa kafin ya kai aji uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.